Hanyar Iskar Injin Mota da Abin da Ke Faruwa Idan An Sauya Ta

Idan aka tambaye ka abin da mota take sha, za ka ce fetur. Amsarka daidai ce, amma ba ta cika ba. Fetur ba ya cin wuta sai da iska, kuma iskar da inji yake buƙata ta fi man yawa nesa ba kusa ba. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram 1 nasa yana neman giram 14.7 na iska. Wato kafin mota ta ƙone lita guda ta fetur, sai ta shaƙi iska kimanin lita 9,000. Ka riƙe wannan lissafi a ka, domin a kansa sauran bayanin ya dogara.

Ka ɗaga murfin injin wata mota, ka duba. Za ka ga wani baƙin akwati na roba, da bututu mai kauri da ya fito daga cikinsa ya nufi inji. A cikin akwatin akwai matatar iska, wadda aka yi da wata irin takarda mai ninki-ninki. Aikinta shi ne tare ƙura da yashi. Daga matatar, iska tana bi ta bututun har ta iso wata ƙofa mai buɗewa da rufewa. Wannan ƙofa ce direba yake sarrafawa idan ya taka totur. Mutane da yawa suna zaton totur mai yake ƙarawa kai tsaye. A gaskiya iska yake buɗe wa hanya, sannan a ba ta man da ya dace da yawanta.

To, wa yake auna wannan mai? A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, kafireto ne yake wannan aiki. Iskar da ke wucewa ta cikinsa ita take zuƙo man da kanta. A motocin zamani kuwa kwamfuta ce take yanke hukunci. Amma kwamfuta ba ta da ido, ba ta da hanci. Dole wani ya gaya mata yawan iskar da ta shigo. Mai gaya matan shi ne ma'aunin iska, wata ƙaramar na'ura da ake dasawa a bututu, tsakanin matata da ƙofar totur.

Yadda ma'aunin yake aiki abin sha'awa ne, kuma ka riga ka san dabarar ba tare da ka lura ba. Idan an ba ka koko mai zafi, hura shi kake yi ya huce, kuma gwargwadon ƙarfin hurawarka, gwargwadon saurin hucewarsa. A cikin ma'aunin akwai wata siririyar waya da lantarki yake dumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, na'urar kuma tana ƙara lantarki don zafin wayar ya tsaya yadda yake. Idan iska kaɗan ce, lantarki kaɗan ya isa. Idan iska ta yi yawa, sai a buƙaci lantarki mai yawa. Daga nan kwamfuta take gane nauyin iskar, ta umarci injekta ta fesa man da ya yi daidai. Ka lura, nauyi aka ce, ba faɗi ba. Iskar Jos, da ke kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, ba ta kai ta Legas nauyi ba, kuma ma'aunin yana jin wannan bambanci. Akwai motocin da ba su da irin wannan waya, matsin iska suke aunawa, amma ba su ne zancenmu ba yau.

Yanzu mu zo kan masu sauye-sauye. Wasu masu mota, musamman matasa, suna cire akwatin roba, su sa faffaɗan bututun ƙarfe da buɗaɗɗiyar matata mai siffar mazurari. Hujjarsu ita ce: ƙarin iska, ƙarin ƙarfi. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai akwatin da suka cire yana jawo iska ne daga waje, ta gaban mota, alhali buɗaɗɗiyar matata takan zauna kusa da inji, inda zafi ya taru. Iska mai zafi ba ta da nauyi. Idan zafinta ya tashi daga digiri 30 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyos, nauyinta yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100. Abin da mai motar ya tabbata zai samu shi ne ƙara, domin inji zai riƙa ruri idan an taka shi. Kunne kuwa yana da saurin yaudarar mai shi, ya ji ruri ya ɗauka gudu ne.

Babbar matsalar tana wurin faɗin bututu. Wayar ma'aunin ba ta taɓa dukan iskar da ke wucewa, ɗan ɓangare kawai take ji. Masu ƙera motar sun riga sun koya wa kwamfuta cewa wannan ɗan ɓangare na bututu ne mai faɗi kaza. A ce faɗin na asali milimita 70 ne, aka mai da ma'aunin cikin mai milimita 80. Bambancin kamar bai taka kara ya karya ba, amma filin da iska take bi ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Iska za ta riƙa tafiya a hankali, wayar ba za ta huce sosai ba, sai ma'aunin ya kai rahoton iska kaɗan alhali da yawa ta shiga. Kwamfuta ta gaskata shi, ta rage mai.

Inji ba ya son ƙarancin mai. Yana sa shi zafi fiye da kima, ya riƙa shaƙewa idan an taka totur, wani lokaci a ji ƙwanƙwasa daga ciki, wadda idan ta daɗe tana iya lalata fistin. Akwai wani ma'auni a bututun hayaƙi da yake lura da irin wannan kuskure, ya sa kwamfuta ta gyara, amma gyaran nata yana da iyaka. Idan aka wuce iyakar, fitilar gargaɗi mai siffar inji za ta kama a gaban direba. Bakanike mai na'urar bincike zai iya karanta dalili: lambar P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0101 kuma tana nufin rahoton ma'aunin iska ya kauce hanya. Saboda haka masu yin wannan sauyi da ilimi ba sa taɓa faɗin wurin da ma'aunin yake zaune, ko kuma su sake saita kwamfutar ta san sabon faɗin. Suna kuma dasa shi a miƙaƙƙen wuri, nesa da lanƙwasa, fuskarsa ta bi yadda iska take tafiya.

Wasu, don gudun zafi, sukan sauke bakin bututun ƙasa, kusa da taya. Iskar can ta fi sanyi, gaskiya ne. Amma kai da ka san yadda ruwa yake cika titunan Legas ko Fatakwal da damina, ka san abin da ke jiran wannan bututu. Fistin yana iya matse iska, ba ya iya matse ruwa. Idan inji ya zuƙi ruwa yana cikin gudu, sandar fistin tana iya lanƙwashewa nan take. Garin neman gira an rasa ido ke nan. A Arewa kuwa abokin gaban shi ne ƙurar hunturu. Matatar da ta bar iska ta wuce cikin sauƙi sau da yawa takan bar ƙura ma ta wuce, ita kuma ƙura a cikin inji tamkar yashi ce a cikin tuwo, a hankali take cinye ƙarfe. Wasu matatun ana shafa musu mai don su kama ƙura. Idan man ya yi yawa, sai ya manne a wayar ma'aunin ya dakushe ta.

Akwai kuma dabarar da za ka iya gani a wasu garejoji: mota tana gardama, sai a zare wayar ma'aunin, ta ɗan daidaita, a ce an gyara. Ba a gyara ba. Kwamfuta ce ta rasa mai ba ta labari, ta koma ƙiyasi, kuma ƙiyasinta yakan karkata ga yawan mai. Motar za ta tafi, amma za ta riƙa shan fetur, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya yi wari.

Sau da yawa ma ma'aunin lafiyarsa lau. Ƙaramar tsaga a bututun roba, bayan wurin da ma'aunin yake, ta isa ta shigar da iskar da ba a ƙidaya ba, alamun kuma su zama iri ɗaya. Don haka a fara duba bututun da maɗauransa. Idan datti ne a wayar, akwai ruwan feshi na musamman da ake sayarwa don wanke ta. Ba a wanke ta da fetur, ba a goge ta da tsumma ko buroshi, domin siririya ce ƙwarai. A fesa, a bar ta ta bushe sarai, sannan a mayar da ita wurinta a ta da inji.