Daga "Filo" Zuwa "Pillow": Matsalar Furucin /p/ ga Ɗalibi Bahaushe

A Achilafiya da ke ƙasar Kazaure, kamar sauran garuruwan Hausa, yaro yakan tashi da kalmar "filo" a bakinsa tun kafin ya shiga makaranta. Kalmar aro ce daga Ingilishi, wadda ta zauna daram kusa da "matashin kai". Matsalar takan taso ne ranar da aka buƙaci ya furta asalinta, wato "pillow".

Tushen matsalar yana cikin tsarin sautin harsunan biyu. A Ingilishi, /p/ da /f/ ƙwayoyin sauti ne mabambanta: na farko tsayau ne baleɓe, na biyu kuwa zuzau ne da ake furtawa da leɓen ƙasa da haƙoran sama. Hausa ba ta da wannan bambanci. Harafin "f" nata baleɓe ne, kuma ko an furta shi kamar [p] ma'ana ba ta sauyawa. Shi ya sa "pump" ta koma famfo, "paint" ta koma fenti, "powder" kuma ta zama hoda.

Abubuwa uku ya kamata malami ya lura da su. Na farko, a haɗe leɓɓa gam, sannan a sake su da fashewar iska. Idan ɗalibi ya riƙe takarda a gaban bakinsa, zai ga ta motsa. Na biyu, "ll" a nan rubutu ne kawai. Bahaushe ya saba ninka baƙi, kamar a "kallo", amma a wannan kalma "l" ɗaya ake ji. Na uku, ƙarfin furuci yana kan gaɓar farko, ta biyu kuma tana ƙarewa da tagwan wasali.

Batun ya wuce ƙawa. Wanda bai rarrabe sautukan ba zai gwama "pan" da "fan", wato kasko da fanka, kuma irin wannan bambanci ake gwadawa a sashen furuci na jarrabawar WAEC. Wani ma, garin gudun kuskure, sai ya mayar da kowane /f/ zuwa /p/.

Sai dai kada a nuna wa ɗalibi cewa "filo" kuskure ne. Daidaitacciyar Hausa ce, wadda ta bi ƙa'idar harshenta. Abin da ake so ya gane shi ne, kowace kalma cikin biyun tana da harshen da take aiki a cikinsa.