'Yar maɓuɓɓuga a cikin randa

Yawancinmu a talabijin muka fara ganin ruwa yana ɓulɓulowa a tsakar gida, a gidajen attajirai da manyan otal-otal, shi ya sa muke ɗauka abin na masu kuɗi ne. Alhali ƙaramarsa ba ta fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Randa ɗaya mai faɗin baki, ƙaramin bokitin roba, kasko, ɗan guntun tiyo, tsakuwa da ƙaramin famfo irin na akwatin kiwon kifi, shi ke nan kayan aikin.

Famfon shi ne abin da za a saya da natsuwa. A cikinsa akwai 'yar farfela da mota ke juyawa, ita ke tura ruwa sama ta cikin tiyo, nauyin ruwan kuma ya dawo da shi ƙasa. Ruwa ɗaya ne ke ta zagayawa. Mu dai shawararmu ku nemi mai aiki da wayar USB, wato mai volt 5, ko mai ɗan faifan sola. Wanda ake sokawa kai tsaye a soket wutar volt 230 yake ja, kuma waya ɗaya da ta ɗan kwaile a cikin ruwa ta isa ta yi kisa. A jikin kwali ana rubuta iyakar tsayin da famfo zai iya kai ruwa. Ku duba, domin gwargwadon tsayin tiyo, gwargwadon raguwar ƙarfin ruwan.

Sai batun randa. Kowa ya san ruwanta da sanyi, dalili kuwa jikinta na da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta ciki, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Wannan dabarar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita wajen haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. To amma a namu aikin tsattsafowar asara ce, domin ruwan zai riƙa raguwa. Shi ya sa muke zura bokitin roba a cikin randar ya riƙe ruwan, randar ta zama ado.

A ɗora famfon a kan ɗan dutse a gindin bokiti don kada ya zuƙi laka. A haɗa tiyo, a fito da shi ta hudar tsakiyar kasko, a ɗora kaskon a bakin randa. Kaskon na buƙatar wasu ƙananan hudoji huɗu ko biyar da ruwa zai koma ta ciki. Huda gasasshen kasko da ƙusa akwai wahala, yakan tsage, gara ku je wurin maginiya ku roƙe ta ta huda muku tun yumɓun yana ɗanye. Sai a rufe bakin tiyon da wankakkiyar tsakuwa, a cika ruwa, a kunna.

Kafin ku fara, ku shirya amsar tambayar da Mama za ta yi: wannan ba gidan sauro ba ne? Tana da gaskiya. Sauro ya fi son kwantaccen ruwa, kuma a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Famfon sola kuwa da rana ta faɗi yake tsayawa, daidai lokacin da sauro ke fitowa. Don haka duk mako a zubar da ruwan a gindin shuka, a goge bokitin da soso, a zuba sabo. Wanda zai koma makarantar kwana, ba shi da mai duba masa, ya kife bokitin kafin ya tafi.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, ruwan na saurin ƙafewa, famfo kuma idan ya yi aiki a bushe ƙonewa yake yi. Ku riƙa leƙawa kowace safiya kuna ƙara kofi biyu ko uku. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe shi, sai a cire murfinsa a wanke. Idan akwai ƙani mai rarrafe a gidan, a ɗora randar inda hannunsa ba zai kai ba, kuma a gaya wa yara ruwan nan ba na sha ba ne.