Yadda ake haɗa gahawar espresso da madara, da abin da ya bambanta nau'o'inta

Wanda ya shiga shagon shan gahawa na zamani a Abuja, Legas ko Kano zai tarar da jerin sunaye a allo: cappuccino, latte, macchiato, flat white, cortado da mocha. Da yawa kan zaɓa da ka, a kawo musu abin da ya fi ƙarfinsu ko kuma wanda madara ta rinjaya. Dukkansu tushensu ɗaya ne, wato espresso. Bambancin yana ga yawan madara da kaurin kumfa.

Espresso gahawa ce mai kauri da ta samo asali daga Italiya. A 1884 ne Angelo Moriondo ya yi rajistar na'urarsa ta dafa gahawa da tururi a birnin Turin, daga baya wasu suka inganta ta. A yau na'urar na tura ruwan zafi da matsi mai ƙarfi ta cikin garin gahawa mai laushi kimanin giram 7, sai a sami kusan mililita 30 cikin daƙiƙa 25 zuwa 30.

Ita kuwa madara, ana hura mata tururi ne ta wani siririn bututun ƙarfe. Tururin na ɗumama ta, yana kuma cusa mata iska har ta yi kumfa. Masu sana'ar kan tsaya a zafin digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyos, domin idan ta wuce 70 zaƙinta na raguwa, kumfar kuma ta lalace.

Macchiato shi ne mafi ƙarfi a baki. Kalmar na nufin mai tabo, domin ɗan ɗigon kumfa kawai ake ɗora wa espresso. Cortado, wanda ya fito daga Sifaniya, rabi espresso ne rabi madara mai ɗumi.

Cappuccino ana kasa shi uku: espresso, madara, da kumfa mai kauri a sama, a kofin mililita 150 zuwa 180. Ya ɗauki sunansa ne daga launin rigar limaman ɗariƙar Capuchin ta Katolika. Flat white, wanda Ostireliya da New Zealand ke jayayya kan asalinsa tun shekarun 1980, kumfarsa siririya ce mai santsi, galibi kuma da awon espresso biyu.

Latte ya fi kowanne madara, don haka ɗacinsa kaɗan ne. Kalmar a harshen Italiya madara take nufi, shi ya sa wanda ya nemi latte a can zai iya samun madara zalla. Idan aka ƙara masa cakulan ya zama mocha, sunan da ya samo asali daga tashar jiragen ruwa ta Mokha a Yemen, tsohuwar cibiyar cinikin gahawa.

Sai dai madara ɗaci kawai take rufewa, ba ta rage sinadarin kafin mai hana barci. Latte mai awo biyu ya fi macchiato mai awo ɗaya yawan sinadarin, duk da laushinsa a baki. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a rana ba shi da haɗari ga baligi mai lafiya, amma ga mai juna biyu iyakar 200 ne. Saboda haka kafin a biya, yana da kyau a tambayi awon espresso nawa ke cikin kofin, masu ciwon sukari kuma su tambayi ko an zuba sukari ko cakulan.