Wa Ke Ciyar da Jami'a a Nijeriya?

A ƙasar Katar babu jihohi, gwamnati ɗaya ce ke riƙon Jami'ar Katar da ke Doha. A Nijeriya kuwa masu riƙon jami'o'in gwamnati biyu ne, watau Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi. Wadda jami'a ke hannunta bisa doka, ita ke ciyar da ita.

Ga misali. Cikin 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. (A zamanin nan, in an ce Jihar Arewa ana nufin Arewa baki ɗaya.) Da aka raba Arewa jihohi shida cikin 1967, sai suka riƙe jami'ar tare, har 1975 Tarayya ta karɓe ta. Sa'an nan tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi ikon kafa nasu. Shi ya sa a Jihar Kano Jami'ar Bayero ta Tarayya ce, ta Wudil kuwa ta jiha.

Yawancin abin da kasafin kuɗi ke ba jami'a albashi ke cinye shi. Saboda haka cikin 1993 aka aza wa kamfanoni harajin ilmi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Cikin 2011 asusun ya zama TETFund, mai ba jami'o'in Tarayya da na jihohi kuɗin gine-gine da horon malamai.

In kuɗi suka gaza, ɗalibi ke shan wahalar. Cikin 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki wata takwas, ɗalibai suna zaune a gida.