Neman Gurbi da Wuri a Jami'o'in Amurka: Baiko Ne ko Gaisuwa?

Duk ɗalibin da ya taɓa cike fom ɗin JAMB ya saba da zaɓi na ɗaya da na biyu, kuma ya san ranar rufewa guda ce ga kowa. Jami'o'in Amurka ba su da hukuma irin wannan. Kowacce da ƙofarta, manyan cikinsu kuwa ƙofa biyu gare su, ta Nuwamba da ta Janairu. Wanda ya miƙa takardunsa zuwa 1 ga Nuwamba zai ji amsa a tsakiyar Disamba. Wanda ya jira zagayen gama-gari a farkon Janairu, sai ƙarshen Maris. A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya kusan 20,000 ne ke karatu a Amurka, fiye da na kowace ƙasa a Afirka, kuma yaranmu na Arewa sun fara shiga wannan layi. Yawanci shawarar farko da suke ji ita ce: "Nemi da wuri, ya fi sauƙi." Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta kawai ake faɗa musu.

Neman gurbi da wuri iri uku ne, kuma rikita su kan jawo da-na-sani. Na farko shi ne wanda suke taƙaitawa da haruffan ED. Wannan baiko ne. Ɗalibi da mahaifinsa da malamin da ke wakiltar makaranta duk za su sa hannu cewa idan jami'ar ta ce ta yarda, to magana ta ƙare: zai janye takardunsa daga ko'ina, ya nufi can. Jami'a ɗaya tak ake yi wa wannan alkawari. Columbia, Cornell, Brown, Dartmouth, Duke da Jami'ar Pennsylvania duk a wannan tsari suke. Na biyu, EA, gaisuwa ce kawai. Ka je da wuri, a ba ka amsa da wuri, amma kana da har 1 ga Mayu ka yanke shawara. MIT haka take yi. Na uku yana tsakani: Harvard, Yale, Princeton da Stanford ba sa ɗaure ka idan sun ɗauke ka, sai dai sun hana ka nema da wuri a wata jami'a mai zaman kanta a Amurka a wannan zagaye. Jami'o'in gwamnati da na wasu ƙasashe ba su shiga cikin hanin ba, don haka JAMB ɗinka na nan daram.

To me ya sa jami'o'in ke son baiko? Saboda su ma suna tsoron a ƙi su. Yaro mai hazaƙa yakan samu gurbi a wurare huɗu ko biyar, ɗaya zai je, sauran su tashi da kujera babu kowa. Wanda ya sa hannu tun Nuwamba kuwa ya zama tsuntsu a hannu. Shi ya sa sukan sassauta masa. A 2003 wasu masana uku, Christopher Avery, Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, suka fitar da littafi kan wannan al'amari, inda bincikensu ya nuna cewa nema da wuri yana ƙara wa ɗalibi dama kamar an ƙara masa maki 100 a jarabawar SAT, wadda jimillar makinta 1600 ne. Ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a yi hattara da alƙaluman da jami'o'i ke fitarwa. A Disamba 2023 Harvard ta ɗauki mutum 692 daga cikin 7,921 da suka nema da wuri, wato kusan kashi 9 cikin ɗari, alhali idan aka haɗa duka masu neman shekarar, waɗanda aka ɗauka ba su kai kashi 4 ba. Mai kallo daga nesa zai ce ai dama ta ninka. Sai dai cikin 'yan Nuwamban nan akwai 'yan wasan da kociyoyin jami'a suka riga suka zaɓa, akwai 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, akwai kuma 'yan makarantun masu hali da aka shirya tun suna aji ɗaya. Idan aka cire waɗannan, tazarar takan ragu. Ita kanta Harvard ta taɓa jin kunyar tsarin. A 2006 ta sanar da soke shi bisa hujjar cewa yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, Princeton da Jami'ar Virginia suka bi ta. Sauran suka yi kunnen uwar shegu, suka ci gaba da kwashe haziƙai tun Disamba. A 2011 Harvard da Princeton suka dawo da karɓar masu nema da wuri.

Inda na fi so mai karatu ya dakata shi ne maganar kuɗi. Shekara ɗaya a irin waɗannan jami'o'i, da kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, ta haura dala 80,000. Kusan duk wanda zai tafi daga gidajenmu da tallafi zai tafi. Jami'a ce ke duba takardar bayanin dukiyar iyali, galibi ta CSS Profile, ta yanke abin da take ganin uba zai iya biya. Matsalar ita ce lissafinsu na gidan Amurka ne. Su albashi suke gani da shago da fili. Ba sa ganin tsohuwa a ƙauye, da marayun ƙane da ke cin tukunya ɗaya da ku, da bikin da ke tafe bayan salla. Ga kuma naira: dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Dala dubu biyar da jami'a ta ɗauka ƙaramin kaso ne, a hannun ma'aikacin gwamnati miliyoyi ne.

Ɗalibin da ya jira Maris zai iya baza tayi uku a gaban mahaifinsa, su ga wanda ya fi sauƙi, har ya rubuta wa wata jami'a cewa ga abin da takwararta ta ba shi. Mai baiko ba shi da wannan ciniki. Gaskiya ne yarjejeniyar ta yarda a sake shi idan tallafin bai isa ba, amma sakin yana nufin ya rasa gurbin ke nan, ya koma layi a ƙarshen Disamba da 'yan kwanaki a hannunsa. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a sani. Jami'o'i ƙalilan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin, ke ɗaukar baƙon ɗalibi ba tare da duba aljihunsa ba, sannan su cike masa abin da ya gaza. A sauran wurare, neman tallafi da kansa yana iya rage maka dama.

Sai maganar shiri. Mu ɗauki yarinya 'yar aji shida a sakandare, mako biyu kafin Nuwamba. Ba ta zana WAEC ba tukuna, sai Mayu. Abin da jami'a za ta gani shi ne sakamakon aji huɗu da biyar, wanda ke cikin wani fayil a kabad ɗin ofishin mataimakin shugaban makaranta, shi kuma ya tafi taro. Malamin lissafi ya yi alkawarin wasiƙar shaida, amma bai taɓa buɗe shafin neman gurbi na Common App ba, saƙon da aka turo masa yana kwance a imel ɗin da ya manta kalmar sirrinsa. Maƙalar da za ta ba da labarin kanta sau ɗaya ta rubuta, da dare, da hasken waya. SAT ma sau ɗaya ta zauna, kuma MIT da Harvard da Dartmouth sun dawo da wajabta jarabawar. Idan ta tura haka aka ƙi ta, ba ta sake neman wannan jami'a sai baɗi. Wata biyu na jira zai ba ta sakamakon zangon farko da maƙala mai kyau. Yayanta da ya gama bara, WAEC na hannunsa tun Agusta, yana zaune a gida, shi ne Nuwamba ta dace da shi.

Akwai amsa ta uku ban da e da a'a: a ɗage ka zuwa zagayen gama-gari. Idan haka ta faru igiyar baikon ta kwance. Wasu jami'o'i, kamar Chicago da Vanderbilt da Johns Hopkins, suna da baiko na biyu a Janairu, ga wanda ya makara ko na farko ya watse masa.

A ganina, ɗanmu mai buƙatar cikakken tallafi ya fara da ƙofar da ba ta ɗaure shi, kuma a wurin da ba a duba aljihu. Baiko sai ga wanda ya tabbata wannan jami'a ce zai zaɓa ko da duk sauran sun kira shi, kuma ya san adadin da gidansu zai iya fitarwa kowace shekara har huɗu. Akwai cibiyoyin EducationUSA a ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas da ke ba da shawara a kan wannan. Iyaye kuma, in yaro ya kawo muku takarda ya ce a sa hannu kafin 1 ga Nuwamba, ku sa ya karanta muku ita layi-layi, ku tambaye shi nawa za a nema daga gare ku, kafin ku ɗauki biro.