Tabkin da Ruwansa Ba Ya Gauraya

Kowa a ƙasar Daura ya san rijiyar Kusugu, inda aka ce Bayajidda ya kashe maciji. In aka jefa guga a cikinta, ruwan sama da na ƙasa sai su motsa, su gauraye. Haka yawancin tabkuna suke, sai dai su iska ce gugarsu. Da hunturu kuma ruwan sama ya kan yi sanyi, ya yi nauyi, ya nutse, na ƙasa ya taso.

Amma akwai waɗansu tabkuna 'yan kaɗan a duniya waɗanda ruwansu na ƙasa ba ya tasowa, ko da shekara ɗari. Bari mu gwada mu ga dalili. Mu sami tambulan na gilashi, mu zuba ruwa rabi, mu jiƙa gishiri mai yawa, mu sa ɗan shuni. Sa'an nan mu riƙa zuba ruwan daɗi a kai da cokali, a hankali. Me za mu gani? Shuɗin ruwa yana kwance ƙasa, fari yana bisa. Watau ruwan gishiri ya fi nauyi, shi ya sa ba ya hawa.

Akwai irin wannan tabki a ƙasar Kamaru, ba nisa da iyakar Nijeriya. Sunansa Nyos. Yana cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya kai wajen ƙafa 680. Tuddai sun kewaye shi, ba su barin iska ta kaɗa shi sosai. Daga ƙarƙashin ƙasa kuwa wata iska tana shiga ruwan ƙasa, tana narkewa a ciki, nauyin ruwan sama ya danne ta. Ita ce iskar da ke cikin lemon kwalba, wadda ke tsirtowa in an buɗe murfi. Masana suna kiranta iskar kabon.

Wannan iska ba baƙuwa ba ce gare mu. Ta fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, don haka ta kan kwanta a gindin tsohuwar rijiya. Ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Shi ya sa mahaƙin rijiya mai hankali ya kan zura fitila da igiya kafin ya shiga. In fitila ta mutu, kada kowa ya sauka, kome gaggawarsa. Wanda ya bi ɗan'uwansa ciki don ya cece shi, sau da yawa gawa biyu a ke fitarwa.

To, daren 21 ga Agusta, 1986, wani abu ya motsa ruwan ƙasa na Nyos. Masana da yawa suna zaton zabtarewar dutse ce. Ruwan ƙasa ya taso, murfi ya buɗe ke nan. Iska ta fito gaba ɗaya, ta gangara kwari kamar ambaliya, ta yi tafiyar mil 15. Mutum fiye da 1,700 suka rasu a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, da yawansu suna barci. Dabbobi wajen 3,500 suka mutu, yawancinsu shanun Fulani. Shekara biyu kafin wannan, a 1984, tabkin Monoun na Kamaru ya kashe mutum 37 ta wannan hanya.

Maganin da aka yi kuwa mai sauƙi ne, har abin ya kan ba mu mamaki. A 2001 aka zura dogon bututu har kusa da gindin tabkin, a 2011 aka ƙara biyu. Ruwan ƙasa yana hawowa ta cikinsu, iskar da ke cikinsa ita ke tura shi sama, ba sai da inji ba. Yana fitowa ya tsarta sama, iska ta fice kaɗan kaɗan, ba ta taru ta yi ɓarna ba.