Me ya sa fitila ke dushewa in inji ya tashi?

Duk wanda ke zaune kusa da injin niƙa na lantarki, a Birni ko a Zangon Damagaram, ya san abin nan: da an ta da inji, sai fitilu su dushe, sa'an nan su komo. Ma'aikatan jiragen ruwa da ke kawo kaya tashar Kwatano su ma sun san shi, kuma ya fi damunsu. Jirgi a tsakiyar teku ba shi da wata wuta sai ta injinsa, ita ke juya famfuna da na'urar tuƙi.

Ga dalili. Amalanke ya fi wuyar turawa sa'ad da yake tsaye. Haka injin lantarki yake: lokacin tashi yakan ja wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci in ya kama gudu. Injin da ke aiki da amfiya 20 yana iya jan 120 cikin ƴan daƙiƙoƙi.

Ita kuwa waya tana rage ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta. In ta yi tsawo, ko ta yi siriri, ko wutar da ake ja ta yi yawa, ragin sai ya ƙaru. Ke nan volt 220 da ake sa rai ba za su iso cikakku ba. Injin da bai samu isasshen ƙarfi ba yakan yi ta gunji bai juya ba, ya yi zafi, ya ƙone.

Dabarun da ake bi a jirgi za su yi amfani ga masu niƙa, da masu famfon lambu, da asibitocin ƙauye masu injin wuta nasu. Na fari, a sa waya mai kauri, gajera. Na biyu, kada a ta da injuna gaba ɗaya: babba tukuna, sai ƙanana. Na uku, babban inji mai layi uku a sa masa makunnin da gwanaye ke ce ma "tauraro da kusurwa uku", wanda ke mai da wutar tashi kashi ɗaya cikin uku.

Ya ku masu karatu, in inji ya yi gunji bai juya ba, a kashe shi nan take, a kira gwani. Araha ba ta ado: kuɗin waya mai kauri bai kai na naɗa inji ba.